Ciwon Mantuwa da Magungunan Itatuwa: Abin da Ya Tabbata da Abin da Iyalan Adar Za Su Kiyaye

A shekarar 2023 da ta 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da sababbin magunguna biyu na cutar Alzaima, wato babbar cutar da ke kawo wa tsofaffi mantuwa da ruɗewa. Labarin ya zaga duniya ta rediyo da wayoyin hannu. A gefe guda kuma ana jin masu talla a kasuwa da cikin wayoyi suna kirarin garin ganye, ko jiƙo, ko mai, ko ƙwayoyi a kwalba, suna cewa nasu na dawo da hankalin tsoho yadda yake a da.

Wannan batu ya shafi mutanen Tawa da garuruwan arewacin Adar kamar Keita, Tamaske, Barmu da Kalfu. A nan magidanta da samari da yawa suna tafiya cin rani Abijan, Libiya ko Nijeriya, su bar iyayensu a hannun mata da yara. Idan tsoho ya fara ruɗewa, kuɗin da ɗansa ya aiko shi ne duk abin da gida yake da shi, kuma dole a yanke shawarar inda za a kashe shi. Wannan bayani zai nuna abin da bincike ya tabbatar game da magungunan da ake samu daga tsirrai, domin iyali su yanke shawara da sani.

Mene ne ciwon mantuwa?

Kowane tsoho yakan manta inda ya ajiye carbinsa, ko sunan jikansa ya ɓace masa na ɗan lokaci sannan ya tuno. Wannan tsufa ne kawai. Ciwon mantuwa, wanda wasu ke kira gigin tsufa, ya wuce haka. Mai shi yakan maimaita tambaya ɗaya sau da yawa a zama guda. Yakan ɓata a hanyar masallacin da ya shekara arba'in yana bi. Yakan rikice a lissafin kuɗi ko a raka'o'in salla, ko ya zargi ƴarsa da sace masa abin da shi da kansa ya ɓoye. Abin yana ƙaruwa a hankali, shekara bayan shekara, har mutum ya kasa wanka da cin abinci sai an taimake shi.

Cututtuka da dama ne ke kawo wannan hali. Mafi yawa a cikinsu ita ce Alzaima, wadda ta samu sunanta daga likitan Jamus Alois Alzheimer da ya fara bayyana ta a 1906. A cikin wannan cuta wasu sinadarai suna taruwa a ƙwaƙwalwa kamar datti, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kuma suna mutuwa kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ne ke fama da ciwon mantuwa a duniya, kuma kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari nasu Alzaima ce. Fiye da rabinsu suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Nijar ƙasa ce ta yara da matasa, amma yayin da mutane ke ƙara tsawon rai, adadin tsofaffi yana ƙaruwa, masu wannan ciwo ma haka.

Ya kamata a sani cewa ciwon a ƙwaƙwalwa yake, kamar yadda yanar ido take a ido. Tsohuwar da ke surutai da dare ko take fita ba mayafi majinyaciya ce. Kiran ta mayya ko ɗaure ta a ɗaka zalunci ne a kan mara lafiya.

Magunguna biyu da suka samo asali daga tsirrai

Masu cewa akwai magani a cikin itatuwa suna da hujja. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yau a gidajen likita na Nijar ya samo asali ne daga wani tsiro na ƙasar Sin, kuma matar da ta gano sinadarinsa, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015. A fannin mantuwa ma akwai misalai biyu.

Kafin a fahimce su, sai a san abu ɗaya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ta hanyar wasu sinadarai da ke aiki kamar ƴan aike. Ɗaya daga cikinsu, mai suna asetilkolin, yana da muhimmanci wajen riƙe abu a ka. A cutar Alzaima wannan ɗan aike yana raguwa. Saboda haka masana suka nemi abin da zai hana ragowar da ke nan saurin lalacewa.

Misali na farko daga Afirka ta Yamma ya fito. A yankin Kalaba, kudu maso gabashin Nijeriya, akwai wani wake mai dafi. A zamanin da, mutanen Efik suna ɗura shi ga wanda aka zarga da maita: in ya amayar ya tsira, in ya mutu a ce laifinsa ya tabbata. Turawa suka kai waken ƙasarsu, kuma a 1864 wasu masana a Jamus suka ware sinadarin da ke cikinsa, aka sa masa suna fisostigmin. Daga baya aka gano cewa yana hana asetilkolin lalacewa. An gwada shi ga masu Alzaima, sai aka ga aikinsa ba ya daɗewa a jiki, kuma yana sa amai ƙwarai. Masana suka bi siffarsa suka haɗa wani sabon magani mai sauƙin illa, rivastigmin, wanda Amurka ta amince da shi a shekarar 2000. Daga ware sinadarin zuwa amincewar Amurka da wannan magani an ɗauki shekara 136.

Misali na biyu shi ne galantamin. Ana samunsa a saiwar wani ɗan farin fure na ƙasashen sanyi, saiwa mai kama da ƙaramar albasa amma mai guba. Masanan Tarayyar Sobiyet da na Bulgeriya ne suka fara aiki a kansa a shekarun 1950, suka yi amfani da shi ga masu shan inna. Sai a 2001 Amurka ta amince da shi a matsayin maganin Alzaima.

Akwai darussa uku a cikin waɗannan labarai. Na ɗaya, duka tsirran biyu guba ne. Wanda ya ci su yadda suke zai iya mutuwa. Na biyu, sun zama magani ne bayan an ware sinadari ɗaya, an auna shi daidai, an kuma gwada shi a kan dubban majinyata. Na uku, ko bayan duk wannan wahala, ba sa warkar da cutar. Suna rage alamunta kaɗan ga wasu mutane na wani lokaci, cutar kuwa tana ci gaba. Suna kuma iya sa tashin zuciya, gudawa da raguwar bugun zuciya, shi ya sa ba a shan su sai da umarnin likita.

Tsirran da suka kasa a wurin gwaji

Gwajin da ake dogara da shi yana tafiya kamar haka. Ana raba majinyata gida biyu ta hanyar ƙuri'a. A ba wa kashi ɗaya maganin, a ba wa ɗayan ƙwaya mai kama da shi wadda ba kome a cikinta, kuma ba wanda ya san abin da yake sha. Bayan watanni ko shekaru sai a kwatanta su. Ana yin haka ne domin mai ciwon mantuwa yana da ranakun sauƙi da ranakun tsanani, iyali kuma da suka kashe kuɗi sukan ga sauƙin da suke fata ko da bai samu ba.

Itacen ginko na ƙasar Sin shi ne ya fi kowane suna a matsayin maganin ƙwaƙwalwa, kuma har yau ana sayar da ƙwayoyinsa a ƙasashe da yawa. A Amurka an gwada shi a kan tsofaffi 3,069 masu shekara 75 zuwa sama, aka bi su kimanin shekara shida. Sakamakon da aka fitar a 2008 ya nuna bai hana su kamuwa da ciwon mantuwa ba. A Faransa an sake gwada shi tsawon shekara biyar a kan tsofaffi fiye da 2,800, kuma sakamakon 2012 bai bambanta ba. Gangamau, wanda ake kira kurkum, ya nuna alamun alheri a ɗakin bincike, amma gwaje-gwajen da aka yi a kan majinyata a 2008 da 2012 ba su nuna amfani a fili ba. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne kaɗan ne daga sinadarinsa ke wucewa daga hanji zuwa jini.

Magungunan kamfanoni ma haka suke faɗuwa. Wani nazari da aka buga a 2014 ya duba magunguna 244 da aka gwada don Alzaima tsakanin 2002 da 2012, ya tarar ɗaya tak aka amince da shi. Wanda ya san wannan ba zai yi saurin gaskata mai talla a bakin kasuwa ba.

Itatuwanmu na gida

Ana yawan ambaton zogale da habbatus-sauda a matsayin masu ƙara kaifin ƙwaƙwalwa. Gaskiya ne masana a jami'o'in Afirka da Asiya sun yi bincike a kansu, amma mafi yawansa a kan ɓeraye ne ko a cikin kwalaben gwaji. Har yanzu babu babban gwaji a kan mutane da ya nuna ɗayansu yana hana Alzaima ko yana warkar da ita. Ganyen zogale abinci ne mai gina jiki, kuma kwaɗonsa ya dace da tsoho. A ci shi a matsayin abinci, kada a saye shi da tsada a matsayin maganin mantuwa.

Akwai tsiron da ya kamata kowane gida ya yi hattara da shi, wato zaƙami, wanda ake yi wa laƙabi da haukata-yaro. Sinadaran da ke cikinsa suna toshe aikin asetilkolin, wato suna yin akasin abin da magungunan Alzaima ke yi. Suna kawo ruɗewa, bushewar baki, gane-gane da mantuwa, kuma suna iya kisa. Hasali ma, idan masana suna son sa ɓera mantuwa don gwaji, sau da yawa ɗaya daga cikin sinadaran da ke cikin zaƙami suke ba shi, sannan su ba shi ruwan ganyen da ake bincike a kai su ga ko zai tuna hanyarsa. Wannan ya nuna iyakar irin wannan gwaji: mantuwar da aka sa wa ɓera na ƴan awoyi daban take da cutar da ta shekara goma tana cin ƙwaƙwalwar mutum. Duk haɗin da aka ba tsoho don ya yi barci ko ya daina surutu, in ba a san abin da ke ciki ba, zai iya ƙara masa ciwon da ake neman ragewa.

Mutanen Adar ba baƙi ba ne ga wannan ilimi. A shekarun yunwa, har da 2005, an ci anza, kuma kowace mace ta san ba a cinta sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Itace ɗaya yana iya ɗaukar abinci da guba tare. Abin da ke raba su shi ne sarrafawa da awo. Matsalar jiƙon kasuwa ita ce ba a san ƙarfinsa ba: ganyen damina da na rani ba ɗaya ba ne, hantar tsoho da ƙodarsa kuma ba sa fitar da magani da sauri kamar na saurayi.

Sababbin magunguna da halin da muke ciki

Magunguna biyun da aka ambata a farko, lekanemab da donanemab, ba daga itace suke ba. Ana haɗa su ne a masana'anta, a sa wa mutum ta jijiya, domin su share dattin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa. A gwajin lekanemab, ciwon ya rage saurin ci gaba da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, amma bai tsaya ba. Ana ba da shi ne ga waɗanda cutar ta fara kamawa kawai, kuma dole a riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa da babbar na'ura saboda yana iya kawo kumburi ko zubar jini a ciki. Farashinsa a Amurka lokacin fitowarsa dalar Amurka 26,500 ne a shekara, wato wajen miliyan 15 na kuɗin sefa.

Jihar Tawa tana da mutane fiye da miliyan 3 a ƙidayar 2012. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a Nijar, kuma yawancinsu a Yamai suke, tafiyar fiye da kilomita 500 daga Tawa. A irin wannan hali, sabon maganin ya fi ƙarfin kusan kowane gida, kuma wannan giɓi ne masu tallar ƙarya suke shiga ta cikinsa.

Amma zuwa likita yana da amfani ko da babu maganin Alzaima, domin ba kowace mantuwa ce Alzaima ba. Ƙarancin wani sinadarin abinci da ake kira B12, ciwon maƙoƙo da sauran matsalolin wannan gaɓa ta wuya, ciwon damuwa, kurumta, da illar wasu ƙwayoyi duk suna iya sa tsoho ya yi kamar mai gigi, kuma ana iya magance su. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa sau da yawa alamar zazzaɓi ce, ko ciwon fitsari, ko bushewar jiki a lokacin zafi, ko shanyewar ɓarin jiki. Wannan na bukatar a garzaya asibiti a ranar.

Abin da ke hannunmu

Rigakafi ya fi magani, kuma a nan ne bincike ya fi ba da ƙwarin gwiwa. A 2024 wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya lissafa abubuwa 14 da in an kauce musu za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na ciwon mantuwa a duniya. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon sukari, shan taba, buguwa a ka, kurumta da matsalar gani da ba a kula da su ba, gurɓatacciyar iska, kaɗaici, rashin motsa jiki da ƙarancin ilimi.

Afirka ta Yamma ta ba da gudummawa a wannan sani. Tun daga 1992 masana suka kwatanta tsofaffin Yarabawa na Ibadan da baƙaƙen fata na birnin Indiyanapolis a Amurka. Sakamakon 2001 ya nuna masu kamuwa a Ibadan a kowace shekara ba su kai rabin na Amurka ba. Masu binciken sun lura cewa cututtukan jijiyoyin jini ba su yi yawa a Ibadan kamar can ba. Darasin shi ne abin da ke kare zuciya da jijiyoyin jini yana kare ƙwaƙwalwa.

Ga masu yaƙi da jahilci akwai wani labari. Wani bincike da aka fitar a 2019 ya bi tsofaffi kusan dubu a birnin New York waɗanda ba su yi makaranta mai nisa ba. Waɗanda ba su iya karatu ba sun ninka masu iyawa kusan sau biyu wajen kamuwa da ciwon mantuwa. Wannan bai tabbatar da cewa karatu shi kaɗai ne dalili ba, amma ya dace da abin da masana ke gani a wurare da yawa: ƙwaƙwalwar da ake sa wa aiki ta fi jure wa tsufa. Zaman aji kuma yana raba mutum da kaɗaici.

Matsayin masu maganin gargajiya

Masu maganin gargajiya su ne mafi kusa da jama'a, kuma iliminsu dukiya ce. Tun 1980 wata tawaga ƙarƙashin masanin tsirrai Édouard Adjanohoun ta tattara bayanan itatuwan magani na Nijar a cikin littafi, kuma masana a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna nazarin sinadaran irin waɗannan itatuwa. Sabara, kalgo, aduwa, magarya da bagaruwa sun cancanci bincike, domin waken Kalaba ma a daji aka same shi. Domin haka dole itatuwan su rayu. Mutanen Keita, da suka dasa miliyoyin itatuwa tun fara aikin farfaɗo da ƙasa a 1984, sun san wahalar raya itace guda. Sassaƙe ɓawon itace zagaye ko tone saiwarsa duka yana kashe shi.

Mai magani na ƙwarai yana faɗin abin da ke cikin haɗinsa, ba ya alkawarin warkar da gigin tsufa, kuma yana tura majinyaci asibiti idan abin ya fi ƙarfinsa. Ma'aikacin lafiya shi ma ya kamata ya saurari iyali ba tare da raini ba, domin in sun ji tsoron faɗa za su ɓoye masa abin da tsoho yake sha.

Shawarwari ga iyali

1. Idan mantuwa ta fara hana tsoho harkokinsa na yau da kullum, a kai shi gidan likita mafi kusa. In an tura ku babban asibitin jiha da ke Tawa, ku daure ku je.

2. A tafi da duk abin da yake sha, na asibiti da na gargajiya, a nuna wa ma'aikacin lafiya.

3. A auna hawan jini da sukari. Wanda aka ɗora a kan maganin hawan jini kada ya daina don ya koma jiƙo. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya.

4. A duba ido da kunne. Aikin yanar ido yana dawo wa tsoho da gani da walwala.

5. Kada a ba tsoho haɗin da ba a san abin da ke ciki ba, musamman na sa barci. A nisanci zaƙami da ƙwayoyin masu talla a faranti.

6. Kada a sayar da dabba ko hatsin gida don maganin da aka ce yana warkar da mantuwa. Har yau babu irinsa a duniya. Gara a kashe kuɗin a abinci mai kyau, sufuri zuwa asibiti da taimakon mai jinya.

7. A bar tsoho cikin jama'a. A yi masa magana a hankali, kada a yi gardama da shi kan abin da ya manta. A kawar da wuta, wuƙa da magunguna daga kusa da shi, a rufe rijiya, a kuma sanar da maƙwabta domin su dawo da shi in ya ɓata.

8. A raba aikin jinya. Mace ɗaya ba za ta iya dare da rana ba. Ƴaƴan da ke cin rani su riƙa kira, su kuma tuntuɓi masu jinyar kafin su aiko da magani daga waje.

Ranar 21 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da cutar Alzaima a duniya, ranar 31 ga Agusta kuma ta maganin gargajiya ce a Afirka. Malaman azuzuwan manya, limamai, masu unguwanni da gidajen rediyon karkara za su iya amfani da waɗannan ranaku su zaunar da ma'aikatan lafiya da masu maganin gargajiya wuri ɗaya, jama'a su yi tambayoyinsu su ji amsa daga ɓangarorin biyu.